Neman kalma: me za mu kira jikin macijin nan da Hausa?

Mai Koyarwa: Assalamu alaikum jama'a, ku agaza mini. Ranar Asabar zan koya wa yara 'yan shekara 11 zuwa 14 yadda ake rubuta wasan maciji da Python, harshen ba kwamfuta umarni, wancan dai na tsohuwar Nokia, wanda in ya ci abinci sai ya ƙara tsawo, in ya ciji kansa wasa ya ƙare. Da Hausa nake darasin, kuma na yi musu alkawarin takarda, gobe da yamma za a buga. Kalma biyu sun tsaya mini. Ta farko *segment*, wato kowane ɗan murabba'i guda na jikin macijin. Ta biyu *list*, abin da ake ajiye su a ciki bi da bi. Na rubuta "yanki" da "jadawali", na karanta da ƙarfi, ni kaina ban gamsu ba.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Ta farko ai gaɓa ce, jam'i gaɓoɓi. Yadda kara yake da gaɓa, yatsa yake da gaɓa. Yanki abin da aka yanko ne aka raba shi da uwarsa, waɗannan kuwa a haɗe suke. Jadawali kuma ki bar shi, yana da layuka a tsaye da a kwance, yara za su tuna da jadawalin darussa. Jeri kawai.

Ɗan Kod: Gaɓa ta yi. Ta biyun ni dai "lis" nake cewa, kuma babu yaron da bai san lis ba. Gobe in ya buɗe littafi ko bidiyo kalmar da zai tarar ke nan.

Tsohon Malami: Lis! Harshen da yake da "jerin gwano" shi ne zai je aron lis? Ku dubi abin da idonku: kai a gaba, kowa na bin na gabansa, babu mai tsallake wani, inda na farko ya karya kwana nan na ƙarshe zai karya. Ashe tun kafin a ƙera kwamfuta Bahaushe ya riga ya raɗa wa abin suna. 'Yata, rubuta jerin gwano, ki kwanta ki yi barci.

Mai Koyarwa: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma na san yara za su yi dariya su riƙe ta.

Ɗan Kod: Malama, kafin ki buga, wace hanya za ki koya musu? Don hanya biyu ce, kuma kalmar Baba ɗaya kaɗai ta dace da ita.

Ta farko, kowace gaɓa ta koma gurbin ta gabanta. Ana farawa daga wutsiya a taho zuwa kai. In yaro ya fara daga kai, duk gaɓoɓin za su taru a gurbi ɗaya, maciji ya dunƙule ya zama ɗigo. Wannan kam jerin gwano ne, ba musu.

Ta biyu ita ce wadda ta fi sauƙi, kuma a cikinta babu gaɓar da take motsi. A ce jikin yana gurbi uku: (5,3), (4,3), (3,3), lambar farko matsayi a kwance, ta biyu a tsaye, yana tafiya dama. Sai a lissafa sabon kai, (6,3), a saka shi a farko, a cire (3,3) na ƙarshe. Biyun tsakiya suna nan inda suke, ko gezau. Ido ne kawai yake ganin kamar yana jan ciki. To girman fa? In sabon kan ya faɗa kan abinci, sai a fasa cire wutsiyar a wannan zagayen. Shi ke nan, uku ta zama huɗu. Babu wani layin kod da yake cewa "yi girma". A Python `insert` mai sakawa da `pop` mai cirewa ne kawai, da sharaɗi guda.

In kika ce musu jerin gwano sannan kika koya musu ta biyu, za su zauna suna neman inda gwanayen suke tafiya.

Mai Koyarwa: Ta biyun na shirya. Bara da ta farko na gwada, rabin ajin suka saka sabuwar gaɓa a kan kai daidai, wasa ya ɗauka maciji ya ciji kansa, yana cin abinci yana mutuwa. Wata yarinya har da kuka.

Tsohon Malami: Yaro, abin da ido ya gani shi ake raɗa wa suna. Muna cewa rana ta faɗi, ka taɓa jin wani ya je tsinto ta? Mai wasa jeri yake gani yana tafiya. Abin da injin yake yi a cikin cikinsa wannan ruwansa.

Ɗalibin Lissafi: Baba, da girmamawa, yaran nan ba wasa za su buga ba, cikin injin za su shiga. Kuma ba maciji kaɗai ake ajiyewa a abin nan ba. Mako mai zuwa za ta ce su ajiye makin da aka ci, 40, 120, 90. Jerin gwanon maki? Ina za su?

Mai Fassara: Ƙari a kan haka, a labarai jerin gwano ya riga ya kama aiki: jerin gwanon motoci, jerin gwanon masu zanga-zanga. Duk akwai tafiya a ciki.

Tsohon Malami: To ita gaɓar taku da kuka amince ba gardama fa? A ajin Hausa gaɓa ita ce ta kalma, ma-ci-ji, gaɓa uku. Yaro zai fito daga wancan aji ya shigo wannan ya rikice. Kuma wa ya taɓa ganin gaɓa a jikin maciji? Sumul yake. Da ƙadandoniya ce ko shanshani da na yarda.

Ɗalibin Lissafi: Ƙashin bayansa gaɓoɓi ne ɗaruruwa, Baba, fata ce ta rufe. Kuma misalin da ka kawo ya taimake mu: kalma jerin gaɓoɓi ce, maciji jerin gaɓoɓi ne. Ma-ci-ji, gaɓa uku, daidai tsawon macijin da aka yi misali da shi ɗazu. Malama, ki rubuta shi a allo haka, kowace gaɓa a murabba'inta.

Mai Koyarwa: Wallahi na sace wannan.

Tsohon Malami: Abin da yake damuna ba maciji ba ne. Shekara talatin ina koyar da harshen nan, kullum sai wanda ya iya danna inji ya zo ya gaya mini kalmata ba ta isa ba. Yau lis, gobe me? A haka za a wayi gari jimla guda babu Hausa a cikinta sai "da" da "ne". Mutanen Faransa da suka ƙi karɓar kalmar kwamfuta suka ƙirƙiro tasu, sun mutu ne?

Ɗan Kod: Baba, ka rubuta "inji" da "kwamfuta" da hannunka yanzun nan. Allo da alƙalami ma aro ne, tsufa suka yi muka manta. Kuma mu ma fa 'yan harshen ne. Kullum sai a nuna mana kamar wanda bai karanci Hausa a jami'a ba baƙo ne a bakin uwarsa.

Tsohon Malami: Allo da alƙalami sun shigo lokacin da babu madadinsu. Jeri yana nan da ransa kake masa jana'iza.

Mai Sauraro: Ni tambayata daban ce, me ya sa kowa ke cewa wutsiya? Mu jela muke cewa. Wasu ma bindi.

Mai Fassara: Wutsiya ce ta fi yawo a littattafai.

Mai Sauraro: Littattafan su wa? Duk lokacin da aka zo zaɓe sai a ce namu karin harshe ne, na wasu shi ne daidaitacce. Kuma dare ya yi, ku daina kiran sunan abin nan gatsau, igiyar ƙasa ake cewa.

Ɗalibin Lissafi: Wasan igiyar ƙasa, fitowar 1997, Nokia 6110. Da Taneli Armanto, injiniyan da ya rubuta shi, ya ji wannan suna da ya sauya. Ko da yake ba shi ya fara ba, tun 1976 kamfanin Gremlin ya fitar da Blockade, kuma a can ba a cire wutsiya ko sau ɗaya, kowane taku tsawo yake ƙaruwa har wani ya yi karo. Malama, ki sa su goge layin `pop` su gani da idonsu, nan take za su gane cewa cirewar ce take hana shi girma.

Mai Koyarwa: Jama'a, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Mu dawo.

Ɗan Kod: To ga abu guda da zai faranta wa Baba. Python 3 yana karɓar haruffa masu ƙugiya a sunayen da mutum ya raɗa. `gaɓoɓi = []` yana aiki, `ƙara_kai` ma haka. `insert` da `pop` dai ba su sauyuwa, nasu ne. Matsalar ita ce allon dannawa, yawancin yaran ba za su sami ɓ da ƙ ba sai an saita musu. Sannan akwai wani abin da ake kira `deque`, jeri ne da aka gina don a saka ko a cire ta baki biyu da sauri. Ga allo mai gurbi 30 sau 20, gurbi 600 ke nan gaba ɗaya, jeri na yau da kullum ya ishe su. Amma wata rana shi ma zai nemi suna.

Mai Fassara: Jeri mai baki biyu.

Tsohon Malami: Mai baki biyu munafuki ne. Mai ƙofa biyu.

Mai Fassara: Na karɓa, ya fi nawa.

Mai Koyarwa: Ga abin da zan buga. Gaɓa, jam'i gaɓoɓi. Jeri, kuma sau ɗaya a farkon takarda zan nuna musu kalmar da Python yake amfani da ita, don kada saƙon kuskure ya fito su rasa me ake nufi. Kai da wutsiya, duk yaron da ya ce jela ba zan gyara masa ba. Jerin gwano zan ajiye wa hanya ta farko, wadda kowa ke bin na gabansa, zan nuna ta a mako na biyu da wannan suna. Abin da ya rage mini shi ne kanun sashen girman. Na rubuta "ƙara gaɓa", amma bayan bayanin nan na ga yana sa yaro neman layin da yake ƙarawa. "Fasa cire wutsiya" shi ne gaskiya, sai dai ya yi tsawo kuma babu daɗin ji.

Ɗalibin Lissafi: "Barin wutsiya"?

Mai Sauraro: Sai a ɗauka ƙadangare ne ya yar da tasa ya gudu.

Tsohon Malami: An mayar da jerin gwano mako na biyu, kamar ɗan riƙo. Ban yarda ba, amma tunda ba lis aka sa ba, a buga. Kanun kuma ki rubuta "Yadda maciji yake tsawo", ki bar su su gano da kansu.

Ɗan Kod: Ni dai a ajina lis zan ci gaba da cewa.

Mai Koyarwa: Na sa kanun Malam. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai *loop* a shafi na uku, na rubuta "zagaye", kada kowa ya ce mini komai sai bayan Asabar.