Wane harshe ya kamata ɗana ya koya kafin ya shiga babbar sakandare?

Manomi daga Sule Tankarkar ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka riga ni sanin wannan al'amari. Ɗana na fari ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a bana. A cikin shekaru ukun nan Faransanci yana cikin jadawalin darussansu, amma zango biyu kacal aka koyar da su, lokacin da aka turo musu wata 'yar bautar ƙasa da ta karanci harshen, kuma tun da ta gama hidimarta ta tafi ba a sake samun wanda ya shiga ajinsu da wannan darasi ba. Littafin rubutunsa yana nan a cikin akwati, shafi goma sha ɗaya aka rubuta a ciki, daga gaisuwa sai ƙirga zuwa ashirin sai sunayen ranakun mako, kuma har yanzu yakan ɗauko shi da daddare ya haska tocila ya karanta wa ƙannensa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne ina kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda muke hulɗa da mutanen Dungas da Magarya. Da Hausa muke ciniki, amma duk takardar da ta fito daga wajensu, ta asibiti ce ko ta dabbobi, da Faransanci take zuwa, sai mun zagaya neman mai karanta mana. Yanzu an kawo mana takardar talla cewa za a yi kwas na mako shida a birnin Kano a lokacin dogon hutu, za a koyar da Faransanci da Larabci da Sinanci, a ba da takardar shaida a ƙarshe. Idan na haɗa kuɗin kwas ɗin da na mota da na abincinsa a gidan ƙanwata, ya kai kuɗin buhun gero biyu, ga shi hutun yana faɗawa ne a tsakiyar damina, lokacin da nake buƙatarsa a gona. Shin in tura shi? Idan zai ɗauki harshe ɗaya, wanne ya fi dacewa da yaron da ya tashi a irin wurinmu?

Tsohuwar malamar Faransanci daga Gumel ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya maka shi. Abin da ya faru a makarantar ɗanka ba sabon abu ba ne a wurina. A shekarar 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, bayan haka aka sa shi cikin darussan dole na ƙaramar sakandare, amma ba a samar da malaman da za su isa makarantun karkara ba, shi ya sa darasin yake nan a jikin allon jadawali alhali ajin babu kowa.

Game da kwas ɗin, ka yi lissafi da kanka. Idan za su yi awa biyu kullum, kwana biyar a mako, mako shida ya zama awa sittin, kuma idan aka raba wa harsuna uku, kowanne ya tashi da awa ashirin. Awa ashirin ba za ta kai shi gaba da shafi goma sha ɗayan da ke cikin akwatinka da nisa ba. Ko da Faransanci kaɗai ya yi a awa sittin ɗin, idan ya dawo gida babu wanda zai ci gaba da shi, kafin a gama girbi rabin abin ya zube. Takardar shaidar da cibiya ta buga da kanta kuma ba ta da nauyi a wajen jami'a ko ma'aikata. Wadda aka sani a duniya ita ce DELF, wadda ma'aikatar ilimi ta Faransa take bayarwa, mai matakai huɗu daga A1 zuwa B2, kuma akwai nau'inta na 'yan sakandare. Ana gwada ji da karatu da rubutu da magana, kowane ɓangare maki 25, sai ɗalibi ya haɗa 50 cikin 100 sannan ya ci, kuma ba ta daina aiki har ƙarshen rayuwarsa. Cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française tana da reshe a Kano, can ne za ka tambayi yadda ake zana ta idan lokaci ya yi.

Ni a ganina Faransanci ya dace da shi, kuma malaminsa yana kusa da kai fiye da Kano. A cikin mutanen da kake ciniki da su da waɗanda suka zo suka zauna a garuruwanmu na kan iyaka, akwai waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, har suka gama sakandare, wasu ma sun taɓa zama mushe, wato malamin makaranta. Ka nemi ɗaya mai natsuwa wanda ka san gidansa, ku yi yarjejeniya ya riƙa zama da yaron awa ɗaya sau uku a mako bayan la'asar, shekara ta zagayo ana yi. Wannan ya haura awa ɗari da hamsin a shekara, bai hana shi zuwa gona ba, kuma kuɗin kaɗan-kaɗan za ka riƙa fitarwa.

Kada ka ji tsoron cewa harshen zai yi masa wuya. Abin da yake wahalar da mai jin Ingilishi kaɗai, wato raba kowane suna zuwa namiji ko mace, Bahaushe da shi ya tashi, domin yaron da ya san ana cewa rigar nan ta yage amma wandon nan ya yage ba zai yi mamakin jin cewa tebur mace ce a Faransanci ba. Inda ɗalibaina suka fi shan wahala shi ne furuci, saboda haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa, da kuma ƙirga daga saba'in zuwa sama, inda tamanin take zama ashirin sau huɗu. Waɗannan kuwa da kunne ake koyon su, daga bakin mai harshen. Sannan kafin ka zaɓa masa babbar sakandare, ka je da ƙafarka ka tambayi shugaban makarantar ko suna da malamin Faransanci na dindindin, da ko suna yi wa ɗalibai rajistar darasin a WAEC da NECO.

Malamin Larabci daga Ɗambatta ya amsa:

Na yarda da lissafin Hajiya a kan kwas ɗin, kuma ko a Hausa an ce ba a tauna taura biyu, balle uku. Sai dai ina roƙon Malam kada ya ajiye Larabci a gefe da tunanin cewa yaro ya riga ya same shi a makarantar allo ko Islamiyya. Iya karanta baƙi da wasali daban, fahimtar abin da aka karanta da iya mayar da magana daban. Na sha karɓar ɗaliban da suka sauke Alƙur'ani da kyakkyawan tajwidi, amma idan na ce su rubuta mini layi uku a kan abin da suka yi jiya sai alƙalami ya tsaya. Irin wannan yaro ya riga ya yi rabin tafiya, domin ya san haruffa, bakinsa ya saba da furucin, kuma Hausar da yake yi cike take da kalmomin Larabci, tun daga sunayen ranaku har ƙirga daga ashirin zuwa casa'in. Abin da ya rage masa shi ne nahawu da sarfu da yawan magana.

Hanyar Larabci kuma a shimfiɗe take a ƙasar nan. Ana zana shi a WAEC da NECO da JAMB, ga jarrabawar NBAIS, wato hukumar jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci ta ƙasa, wadda ake karɓa wajen neman gurbin jami'a. Makarantar nazarin Larabci ta Kano (SAS), wadda aka kafa a 1934 don horar da alƙalai, ta yaye malamai da yawa, Jami'ar Bayero tana da sashen Larabci, kuma ko a Nijar ɗin akwai Jami'ar Musulunci ta Say. Malamin Larabci ba ya wuyar samu a kowace ƙaramar hukuma ta Kano da Jigawa, wanda ba za a faɗi haka game da Faransanci ba. Shawarata ita ce a duba wanne ne yake da malami tsayayye a kusa, wanda ba zai tafi bayan shekara ɗaya ba.

Ɗalibin jami'a daga Ringim ya amsa:

Baba, ina neman afuwa in ƙara abu ɗaya a kan maganar manya. Kafin komai a duba Ingilishinsa, domin da shi zai rubuta kusan dukkan jarrabawarsa, kuma ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi. Abokaina da dama da muka gama sakandare tare a nan suka tsaya. Ko manhajojin waya irin su Duolingo, ta hanyar Ingilishi zai koyi Faransanci a cikinsu, ba ta Hausa ba. Sinanci kuwa a bar shi tukuna, tunda cibiyoyin Confucius masu koyar da shi da aka sani suna Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, kuma babu wanda zai yi magana da shi a ƙauye. Akwai kuma abin da nake so Mama ta yi mana bayani: a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to anya Faransanci zai ci gaba da amfani a kan iyakar nan?

Tsohuwar malamar Faransanci daga Gumel ta sake amsawa:

Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Dokar da ta ɗaga Hausa ita ce kuma ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma likitoci da ma'aikatan da ke rubuta takardun da Malam yake magana a kansu da Faransanci aka horar da su. Ban da Nijar, ga Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin, duk maƙwabtanmu ne masu aiki da shi. Maganarka ta Ingilishi gaskiya ce, ban musa ba, kuma awa uku a mako ba za su ci lokacinsa ba.

Manomi daga Sule Tankarkar ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na fasa tura shi Kano. Na zauna da yaron na karanta masa amsoshinku, ya ce Faransancin yake so, Larabci kuma zai ci gaba da zuwa wurin limaminmu bayan magariba, kuma na roƙi liman ya fara masa nahawu kamar yadda Malam ya nuna. Ranar Alhamis da ta wuce na yi magana da wani dattijo mai sayar da maganin dabbobi wanda ya koyar a firamare a ƙasar Damagaram kafin ya dawo nan da zama, ya amince zai karɓe shi Asabar da Litinin da Laraba. Ya ce in sayo kaye biyu, wato littafin rubutu, da ƙamus ƙarami. Hajiya, ƙamus na Faransanci da Ingilishi zan nema masa, ko kuwa na Faransanci zalla ya fi dacewa da mai farawa?