Lissafin ginshiƙi a OpenSees yana tsayawa da zarar kankare ya fara farfashewa

Assalamu alaikum injiniyoyi. Daga Bauchi nake, ina aikin digiri na biyu a kan ginshiƙin kankare mai rodi da ake turawa gaba da baya sau da yawa, ina kwaikwayonsa a OpenSees, manhajar kwamfuta ta lissafin gine-gine, kuma na maƙale.

Ginshiƙin milimita 300 ne kowane gefe, tsayinsa mita 1.5, da rodi takwas masu kaurin milimita 16. A manhajar, na gina shi da forceBeamColumn guda ɗaya (ɓangaren da ke wakiltar ginshiƙin), tsarin Concrete02 ga halayen kankare, tsarin Steel02 ga halayen rodi, ga nauyi a kansa wanda ba ya canjawa. Zagayen farko suna tafiya lafiya lau. Amma da kan ginshiƙin ya karkata kusan milimita 30, daidai inda kankaren da ya rufe rodi yake fara zubewa, sai lissafin ya ƙi daidaita, ya tsaya cak.

Na rage tsawon kowane mataki, na sassauta NormDispIncr (ma'aunin da ke tantance ko lissafin ya daidaita), na sauya hanyar warware lissafin daga Newton zuwa KrylovNewton. Wannan ya ɗan matsa gaba kaɗan, ya sake tsayawa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, da na ƙara wuraren lissafi na Lobatto (wuraren da manhajar take lissafi a tsawon ginshiƙin) daga 5 zuwa 7, ƙarfin ginshiƙin bayan ya kai ƙololuwa sai ya faɗi da sauri fiye da da. Ginshiƙi ɗaya, amsa biyu. Wannan ba abin kai wa malami ba ne. Ina zargin duk lalacewar tana taruwa ne a wurin lissafi na gindi.

Don Allah, yaya zan gyara gangaren Concrete02 na bayan ƙololuwa, wato yadda ƙarfin kankaren yake raguwa, yadda sakamakon zai daina bin yawan wuraren lissafin? Na gode.