Dattijo ma sai ya yi gwajin jini?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Yayana, shekarunsa 67, uwargidansa ta rasu bara, saura ta biyun. Yanzu zai auri wata bazawara mai shekara 52, sai liman ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takardar gwajin jini. Ni dai cin fuska na ɗauke shi. Mutum da jikoki, gemu fari fat, a ce ya je ya bi layi da samari? Cututtukan nan ai na yara ne masu rawar kai.

Alhaji Sule: Ina bayanka, Malam. Kuma ba ta gama idda ba? To me ya rage?

Hajiya Rabi: Alhaji, idda cikin mace take tantancewa, ba jininta ba. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, ban taɓa ganin ƙwayar cutar da ta tambayi shekarun mutum ba. Kanjamau tana iya yin shekaru a jiki ba alama. Tunjere ma haka: ɗan miki ne marar zafi, ya warke da kansa, mutum ya manta, ita kuwa tana ciki, daga baya ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa.

Nasiru: Kawu Habu, liman ba shi da laifi fa. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024: kanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da rukunin jini saboda sikila. Ko auren zawarawan da Hisba ta fara a Kano a 2012, sai an yi gwaji ake ɗaurawa.

Alhaji Sule: Doka daban, hankali daban. Gwajin sikila saboda 'ya'ya ake yi. Wane ɗa za a haifa a nan?

Hajiya Rabi: A kan sikila na ba ka gaskiya. Amma wannan "ai ba za ta haihu ba" ita ce ke kai manya ƙasa. Da haila ta ɗauke, tsoron ciki ya kau, shi ke nan kwaroron roba ya fita daga lissafi. Alhali a lokacin ne fatar gaban mace ke yin siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa da wuri, ƙofar cuta ta ƙara buɗewa. Ku yafe mini, maganar manya muke yi. Ga kuma magungunan ƙarfin maza, na kemis da na masu lasifika a kasuwa. Tsofaffinmu ba su yi ritayar da kuke zato ba.

Malam Habu: Hajiya, yanzu kina nufin yayana mazinaci ne?

Hajiya Rabi: Subhanallahi, ban faɗa ba. Ita baiwar Allah da zai aura, aurenta nawa? Mazanta na baya mata nawa suka aura suka saka? Kowa na iya zama mai tsoron Allah a wannan jerin, cutar ta bi ta halal ta iso. Ciwon hanta kuma ko askar wanzami da ƙahon da ba a tsabtace ba suna yaɗa shi.

Inna Talatu: Ni dai ta gidan nake tausayi. Ba wanda ya ambace ta. Ba ita ta zaɓi amarya ba, amma duk abin da ya shigo sai ya iso ɗakinta.

Alhaji Sule: To in an gwada aka samu fa? An tona wa dattijuwa asiri, aure ya watse, gari ya ɗauka. Ba gara a rufa ba?

Nasiru: Wannan kam abin dubawa ne, Baba Alhaji. Bakin mutanenmu ba shi da linzami.

Hajiya Rabi: Sakamako sirrin mai shi ne, ma'aikacin da ya bazar ya ci amanar aikinsa. Kuma samun cuta ba shi ne ƙarshen aure ba. Tunjere allurar fenisilin ke kashe ta. Ciwon sanyi yana warkewa in an yi wa miji da matansa magani tare, ba shi kaɗai ya sha a ɓoye ba. Ciwon hanta B yana da rigakafi. Maganin kanjamau kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, wanda ya riƙe shi har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa. Abin da ya fi ba ni takaici a wurin aiki shi ne tsoho ya zo yana rama, ga zawo, ga tari, 'ya'yansa su ce tsufa ne, mu ma kunya ta hana mu tambaya, sai abu ya yi nisa.

Alhaji Sule: Har yanzu ina ganin da an bar wa manya zaɓi.

Inna Talatu: Zaɓin wa, Alhaji? Naku ko namu?

Malam Habu: Na ji. Amma wa zai tunkari Yaya da wannan magana? Ni ƙani ne, ba zan iya ba.

Hajiya Rabi: Wa ke kai shi awon hawan jini?

Malam Habu: Babban ɗansa.

Hajiya Rabi: A'a, ɗa ba zai iya ba. Ka nemo amininsa, su tafi tare da sassafe kafin layi ya taru. Alhaji Sule, ba tare kuke sallar asuba ba?

Alhaji Sule: Hajiya, kin fara ko?