Salary cap da Hausa: ni dai na tsaya a kan "mudun albashi"

'Yan'uwa masu bibiyar wasanni, ina son mu daidaita kan wata kalma. Duk lokacin hutun kaka a gasar NHL, wato hoki na kan ƙanƙara da ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke bugawa, jita-jita ce ke cika gari: wane zai koma can, za a ba da wane a karɓo wane. Kuma ba a gama zance ɗaya sai an ambaci salary cap. Ya za mu ce da shi?

Wani ya ce "hular albashi". Wannan bin kalma ne ido rufe, Bahaushe zai tambaya wa zai sa ta. "Iyakar albashi" ta fi kusa, na ma daɗe ina amfani da ita, amma mai ji zai ɗauka albashin mutum ɗaya aka ƙayyade. Alhali jimillar abin da ƙungiya za ta biya dukkan 'yan wasanta a kaka guda ake nufi.

Shi ya sa na koma kasuwar hatsi na ɗauko mudu. Kowace ƙungiya, mai kuɗi da marar kuɗi, mudu iri ɗaya aka miƙa mata, kuma a shafe ake awo, ba a yarda ya tumbatsa ba. An kawo tsarin ne bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004-05 ɗungurungum, ba a buga wasa ko ɗaya ba. Mudun farko dala miliyan 39 ne. Korona ta daskarar da shi a miliyan 81.5 har kaka uku, a 2024-25 ya kai miliyan 88, a 2025-26 kuma miliyan 95.5.

Abin da ya sa kalmar ta kwanta mini a rai shi ne, duk inda mudu yake akwai masu yi masa dabara. Awon kowane ɗan wasa shi ne jimillar kwantiraginsa a raba da yawan shekaru. A 2010 ƙungiyar New Jersey Devils ta ba ɗan wasa Ilya Kovalchuk kwantiragin dala miliyan 102 na shekara 17, ta tara kuɗin a shekarun farko, ta bar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a na ƙarshe, lokacin da zai haura shekara 40. A takarda awonsa ya sauko miliyan 6 kacal. Hukumar gasar ta yi fatali da kwantiragin, ta kuma ci tarar ƙungiyar. Ku gwada faɗa: "Devils sun yi wa mudu coge." Ko wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba ya gane.

Haka ƙungiyar Tampa Bay a 2021. Ɗan wasanta Nikita Kucherov ya sha tiyatar ƙugu, bai buga ko wasa ɗaya na kakar ba, aka cire awonsa na miliyan 9.5 daga lissafi aka cike gurbin. Da aka shiga zagayen ƙarshe na neman kofi, inda a lokacin ba a aiki da mudu, ya dawo suka ɗauki kofin Stanley, wato kofin gasar. Ba su karya doka ba, amma an daɗe ana cece-kuce.

Akwai wanda ya ƙalubalance ni cewa tsarin yana da iyaka ta ƙasa ma, wato mafi ƙarancin adadin da dole ƙungiya ta kashe. Gaskiyarsa. Ƙungiyar Arizona ta taɓa karɓar kwantiragin ɗan wasa Pavel Datsyuk a 2016 bayan ya koma Rasha, sunansa kawai ke cika mata awo. Wannan iyaka ta ƙasa sai mu ce "gindin mudu", gurbin da ya rage kafin mudu ya cika kuma "sararin mudu".

Abu ɗaya nake roƙo: mu daina cewa "an sayi ɗan wasa" a NHL kamar a ƙwallon ƙafar Turai. Can ba a biyan kuɗin saye, ba ni gishiri in ba ka manda ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa ko da damar zaɓen matasa. "Musaya" ce kalmar. Masu sharhin wasanni a rediyo, ku fara gwada "mudun albashi" a bakinku mu ji yadda zai zauna.