Neman shawara: na'urar numfashin maigida da soket ɗin jirgin ruwa

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min, kaina ya kulle. A Ingila muke zaune. Maigida ya daɗe yana wani irin minshari, numfashinsa ya ɗauke cikin barci sai na zungure shi. Da rana kuma gyangyaɗi, har a huɗubar Juma'a. Na sha fama kafin ya yarda ya ga likita, wai gado ne, mahaifinsa ma haka yake, yayarsa kuma ta ce ni ce mai neman magana. Daga ƙarshe aka ba shi CPAP, mai hura iska ta takunkumin hanci, muka samu barci ni da shi. To yanzu 'yarmu da mijinta sun biya mana yawon jirgin ruwa daga Basalona, tare za mu. Na ga bidiyon ɗakin, soket biyu ne kacal, duk a teburin madubi, gado yana can nesa. Na sayi ekstenshan mai baki shida. Ya wadatar?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Wane kamfanin jirgi ne? Ba ki faɗa ba. In ekstenshan ɗin nan yana da kariyar hauhawar ƙarfin lantarki (surge protector), a bakin shiga za a ƙwace shi, sai ranar sauka ki gan shi. Wayarin jirgi ba irin na gida ba ne, wayoyi biyun duka suna iya ɗaukar wuta, shi kuma ya yanke ɗaya ya bar ɗaya, ya yi zafi ya kama. Hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta yi gargaɗi a kai tun 2013. Kamfanin jiragen Royal Caribbean ma kowane ekstenshan sun hana, su ke ba ka nasu. Kamfanin Carnival kuma suna barin wanda ba shi da kariyar. Ki cike fom ɗin masu lalura tun yanzu, a kawo muku waya har ɗaki. Magana ta ƙare.

Uwargida: Na gode Injiniya, amma fom ɗin nan ba zai yiwu ba. Surukinmu ne ya yi rajistar, komai imel ɗinsa yake zuwa. Maigida ba ya so surukinsa ya san da abu a hanci yake kwana. Kuma ekstenshan ɗin mai tsada ne, ba na banza ba.

Injiniya: Tsadar ce ma matsalar, masu tsadar su ke da kariyar.

Anti: Ke dai gode wa Allah naki ya yarda ya je asibiti. Nawa har maƙwabta ke jin sa, in na yi magana ya ce ni ma ina yi. Falo na koma kwana, danginsa kuma suna cewa na ƙaurace masa.

Ɗan Kantin Kwari: Hajjaju naɗe shi cikin zannuwa a ƙasan akwati, wa zai gani?

Injiniya: Na'ura ce ke haska akwatunan malam, ba hannu ba. Kuma dubban mutane ne a tsakiyar teku kake wa wasa da gobara.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, CPAP a jakar hannu take tafiya, kada ki sa ta a babban kaya. Duba bayan cajarta, yawanci an rubuta 100 zuwa 240, to kowanne soket zai ɗauke ta. Sai dai fulogin Ingila mai ƙafa uku ba zai shiga na Amurka ko na Turai ba, ki nemi adafta. Soket ɗin banɗaki na injin aski ne kawai. Ki kuma tambayi tataccen ruwa na tankin danshin na'urar.

Kawu: Ku sayi batir mana ku huta. Mu nan Kano da inbata nake kunna tawa, NEPA ta koya mana. Jiya ma tun la'asar ba mu ga wuta ba, ga bil ya zo kamar masu gidan ƙanƙara.

Injiniya: Batir ɗin ma a wancan soket za a yi cajinsa, in an kunna ɗumama ruwa kuma da wuya ya kai asuba. Fom dai, Hajiya.

Uwargida: To in ya haƙura da ita har mu dawo fa? Ai shekara da shekaru ya yi ba ita.

Ma'aikaciyar jinya: A'a Yaya, daga daren farko ɗaukewar numfashin ke dawowa. Kada ku yanke wannan ba da likitansa ba. Kuma in ɗakin surukin na kusa, minsharin ne zai tona asirin.

Uwargida: Ku ba ku san halin maigida ba ne. Ni dai zan tafi da nawa, in sun karɓa shi ke nan.

Injiniya: Ko sunan jirgin ki ba mu.

Uwargida: Sai na tambayi 'yata. In ta ce me zan yi da shi, me zan ce mata?