Tsofaffin Marubuta Tarihi: Shaidu ne ko Maroƙan Fada?

Alhaji, Mile 12: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya bayan sallar isha'i, wadda wasu suka ce na yi tsauri, har yanzu ina nan a kanta: marubutan tarihi na da can maroƙa ne da suka iya riƙe alƙalami. Hujjata ita ce Hirodotus, Bagirken da aka haifa wajen shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ake yi wa laƙabi da uban tarihi. Ya rubuta cewa Sarki Zaksis na Farisa ya kai wa Girka yaƙi da dakarun ƙasa 1,700,000, kuma idan aka haɗa da mayaƙan ruwa da masu hidima, adadin ya haura miliyan 5. Na shafe shekaru ina sauke kaya a wannan kasuwa, na san tirela nawa ke shigowa kafin Legas ta ci abincin wuni guda, saboda haka ba wanda zai ce mini an ciyar da wannan taro a bayan jakuna da raƙuma. Shi ne kuma ya ce a Indiya akwai tururuwa da ta fi yanyawa girma, wadda ke tono zinariya.

Malamin tarihi, Agege: Wa alaikumus salam, Alhaji. A kan adadin sojoji ba ni da ja, domin masana na yau ma ba su karɓe shi ba, amma kada ɓera guda ya ja wa rumbu wuta. Hirodotus ya faɗa da kansa cewa aikinsa shi ne ya rubuta abin da aka gaya masa, ba dole ba ne ya gaskata duka. Ya kawo labarin wasu matuƙan jirgin ruwa na Finikiya (yankin Lebanon na yau) da Fir'auna Neko ya aika wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka tashi daga Bahar Maliya, suka zagaye Afirka, suka dawo Masar a shekara ta uku. Suka ce da suke kewaya nahiyar, rana tana hannunsu na dama. Hirodotus ya rubuta wannan, sannan ya ce shi bai yarda ba. To, duk wanda ya fuskanci yamma a can ƙarshen kudancin Afirka, da tsakar rana a arewa zai ga rana, wato a damarsa. Abin da ya ƙi yarda da shi ne a yau ake kafa hujja da shi cewa an yi tafiyar. Maroƙi ba ya adana maganar da shi kansa yake ganin ƙarya ce, ya kuma sanar da kai shakkarsa.

Malama, Idi-Araba: Malam, ina so in ƙara da cewa malamanmu sun riga Turawan zamani yin wannan tankaɗe da rairaya. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya soki marubucin tarihi Mas'udi da wasu kan cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000, ya auna adadin da faɗin ƙasa da yawan zuriya da za a iya samu cikin tsatso kaɗan, ya nuna ba zai yiwu ba. Ashe dai lissafin da Alhaji ya yi da tirelolinsa, hanyar Ibn Haldun ce ya bi. Ɗabari kuma ya faɗa a gabatarwar tarihinsa cewa idan mai karatu ya ci karo da abin ƙi, daga masu ruwaya ya zo, shi isarwa kawai ya yi, shi ya sa yake jera isnadi.

Alhaji, Mile 12: Malama, na gode da wannan girma da kika ba ni, sai dai maganarki ta ƙara mini ƙarfi. Idan mutum ya sayar mini da buhu ya ce akwai ruɓaɓɓu a ciki amma ba shi ya zuba ba, gaskiyarsa ba ta gyara albasar ba.

Ɗalibi, Akoka: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki cikin maganar manya. Ai buhun ana iya zazzage shi a tsince, kuma an yi hakan. A dutsen Behistun da ke Iran, Sarki Dariyus na Farisa ya sa an sassaƙa sunayen mutum 6 da suka taimaka masa ya hau mulki, da aka iya karanta rubutun a ƙarni na 19 sai aka tarar 5 daga cikinsu sun dace da waɗanda Hirodotus ya lissafa. Mashigin ruwan da Hirodotus ya ce Zaksis ya haƙa kusa da dutsen Atos a Girka, wanda aka daɗe ana shakkarsa, masu binciken ƙasa sun gano sawunsa. Wanda ya fi damuna ma shi ne Tusididis, wani Bagirken marubucin tarihi da ake yabo da tsantseni, domin ya amsa cewa jawaban da ya sa a bakin shugabanni ya tsara su ne bisa abin da yake ganin ya dace su faɗa.

Malamin tarihi, Agege: Madalla da wannan ƙarin, ɗana. Alhaji, bari in dawo da maganar gida, tun da a nan ne ta fi ciwo. Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, an rubuta shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, alhali yana ba da labarin Bagauda da ake sa farkon mulkinsa a 999. Tazarar ta kusa shekara 900, ta ninka tazarar Hirodotus da yaƙin da ya rubuta sau da yawa, domin shi ya tarar da waɗanda suka ga yaƙin da ransu. Idan ka watsar da Hirodotus, da wane ma'auni za ka riƙe namu? Nan Legas ma Yarbawan Awori da mutanen masarautar Bini ba su daina jayayya kan wanda ya kafa Eko, wato tsibirin Legas, ba. Wani Bajamushe mai suna Ulsheimer ya zo a 1603 ya tarar da sansanin mayaƙan Bini a tsibirin, amma shaidarsa ta tsaya kan abin da ya gani a shekarar, ba ta ce komai kan wanda ya riga su zama ba.

Alhaji, Mile 12: Allah ya gafarta Malam, ka kai ni inda ba na so, domin ba zan iya cewa Bagauda tatsuniya ne ba. Na janye kalmar maroƙa a kan sunaye da wurare da abin da aka tono aka gani. Amma miliyan 5 da tururuwar zinariya, waɗannan ban saya ba, kuma gobe in Allah ya kai mu ina so a gaya mini wanda ya ƙidaya shekarun sarautar Bagauda.