Kwanson .300 Winchester Magnum yana tsagewa a saman ɗamara

Maharbin Montana:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Montana ta Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashinsa a gida, wato ya mayar da albarushi da kan harsashi cikin kwanson da ya riga ya harba, kuma ina farautar elk, wata irin babbar barewa, da bindiga mai sakata ƙirar .300 Winchester Magnum. Abin da ya dame ni shi ne, kwanson tagulla ba ya wuce ɗuri uku ko huɗu sai wani siririn zobe mai ƙyalli ya fito a jikinsa, kaɗan sama da ɗamara, wato kaurin da ya zagaye gindin kwanson. A makon jiya ɗaya ya rabu gida biyu, gindin ya fito, sauran ya maƙale a mazaunin harsashi. Ina murɗa bututun matsi, wanda ke mayar da kwanso girmansa kafin ɗuri, har ya taɓa mariƙin gindin kwanson, sannan in ƙara kwatan juyi, kamar yadda takardar da ta zo da shi ta ce. Tagullar ce ba ta da kyau, ko kuwa ni nake kuskure?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ware duk kwanson da ya nuna wannan zobe, kada ka sake ɗura shi, domin idan ya rabu a lokacin harbi, iska mai zafi na iya dawowa ta wajen fuskarka. Ka miƙe wayar maƙale takarda, ka lanƙwasa bakinta, ka zura ta cikin kowane kwanso kana karta bangonsa. Inda ka ji ta faɗa wani ɗan kwari kusa da gindi, wannan ya gama aiki.

Laifin ba na tagulla ba ne, daga ɗamarar yake. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar da .375 H&H a 1912 da ɗamara saboda kafaɗarsa ba ta da tudun kirki, digiri 15 kacal, ba za ta iya tsayar da harsashi daidai a mazauninsa ba. Da .300 Winchester Magnum ya fito a 1963 sai ya gaji ɗamarar, alhali kafaɗarsa digiri 25 ce, ta isa ta riƙe kanta. Tunda ɗamara ce ke tsayar da harsashi, ana barin fili mai ɗan yawa a gaban kafaɗa. Idan aka harba, gaban kwanson yana kumbura ya kama bango, kafaɗa ta cika filin, gindi kuma ya ja baya ya jingina da sakata, sai tagullar ta miƙe a daidai inda ka ga zoben. Kai kuma kana mayar da kafaɗar baya gaba ɗaya a kowane matsi, ta sake miƙewa a harbi na gaba, har wurin ya sirance.

Maganin shi ne ka manta da ɗamara, ka auna daga gindi zuwa kafaɗa a kwanson da ka harba a bindigarka, sannan ka saita bututun ya mayar da kafaɗar baya da inci 0.002 kawai. Zaren bututun 14 ne a kowane inci, wato juyi ɗaya ya kai kusan inci 0.071, don haka abin da kake nema bai kai ko kashi ɗaya cikin talatin na juyi ba. Da hankali za ka riƙa sauke shi kana aunawa.

Ɗan Zazzau a Texas:
Ni a ganina a daina taɓa jikin kwanson ma, a matse wuya kaɗai. Kwanson ya riga ya ɗauki siffar mazaunin bindigarka, kuma ta haka yake daɗewa. Haka nake yi da 7mm Remington Magnum a filin gwajin harbi.

Tsohon Makaniki:
Ɗan'uwa, a filin gwaji wannan ba laifi, amma ban yarda da shi a daji ba. Tagulla ba ta komawa daidai yadda take bayan kowane harbi, saboda haka bayan 'yan ɗuri sai an danna sakata da ƙarfi kafin ta rufu. Mutumin da ya hau dutse cikin sanyin Nuwamba, ya harbi elk bai faɗi ba, yana bukatar harsashi na biyu ya shige ba gardama, ko da ƙura ta ɗan shiga mazaunin. Inci 0.002 ɗin nan shi ne ke ba shi wannan sauƙin ba tare da ya cinye kwanson ba.

Akwai wani abu kuma da kan ruɗi mutane. Bututun da aka saba da shi ba ya isa ɗan wurin da ke manne da saman ɗamara, wurin yana kumbura a hankali, sai mutum ya ji sakata ta yi tauri ya zaci kafaɗa ce, ya ƙara murɗa bututun ƙasa, matsalar farko ta dawo. Idan kafaɗa ta auna daidai amma harsashi ya ƙi shiga, a shafa baƙar maka a jikin kwanson a saka shi a fitar, inda tawadar ta goge nan ne yake gogawa. Akwai bututu na musamman mai yatsu da ake sayarwa don matse wannan wurin kaɗai.

Maharbin Montana:
Allah ya saka da alheri, Baba Makaniki. Na gwada wayar, na zubar da kwanso goma sha ɗaya. Na samo ma'aunin kafaɗa na ɗaura a kan kalifa, wato abin auna tsawo da kauri, kuma na ga lallai da ina tura kafaɗar baya fiye da kima. Yanzu sakata tana rufuwa da ɗan yatsa. Sai dai wasu kwansunan sun fito da ƙananan lotsawa a kafaɗa.

Tsohon Makaniki:
Man shafawa ne ya yi yawa. Ka shafa kaɗan a jiki da cikin wuya, kada ya taɓa kafaɗa, amma kada ka bar shi gaba ɗaya, in ba haka ba kwanson zai maƙale a bututun. Bayan matsi ka auna tsawo: iyakarsa inci 2.620, idan ya kai haka ka datse shi zuwa 2.610.